Maigida ya ce akwatunan littattafaina ba za su bi mu sabon gida ba

Assalamu alaikum Hajiya, barka da ƙoƙari. Ni malamar makaranta ce a Zariya, shekarata 54, aurenmu ya shekara 31, muna da 'ya'ya biyar da jikoki uku. Ina aji biyu a makarantar kwana wata malamarmu ta ara mini wani ƙaton littafin Turanci, labarin soyayya a lokacin yaƙin basasar Amurka. Da tocila na karance shi a cikin bargo. Tun daga nan ban rabu da irin waɗannan littattafai ba, masu kauri, na zamanin dawaki da jiragen ruwa, waɗanda ake farawa da kaka a ƙare da tattaɓa-kunne. Na Hausa ma ina karantawa, amma in labari bai yi tsawo ba, ba ya ƙosar da ni. Yanzu akwatin ƙarfe uku gare ni cike, ban da na cikin waya.

Da can maigida bai taɓa magana ba, don a wani gari yake aiki, sai Juma'a yake dawowa. Bara ya yi ritaya, kullum yana gida, daga rediyo sai labarin sarakunan da. Yana yin isha'i zai kwanta, ni kuwa sai in kai ƙarfe ɗaya ko biyu ina karatu, har na makara asuba ba sau ɗaya ba. Ranar sunan jikarmu, a gaban ƙannensa, ya ce wai ni mijina yana cikin akwati. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma abin ya tsaya mini a rai. Wata mai zuwa za mu tashi daga haya mu koma gidan da muka gina, ya ce akwatunan nan ba za su bi mu ba, in bai wa masu ƙosai ko a cinna musu wuta. Babbar 'yata ta goyi bayansa, wai abin kunya ne kaka guda da karatun soyayya.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Wani lokaci in na rufe littafi na dube shi yana minshari, sai wani abu ya tokare mini ƙirji, in ce ni dai har na tsufa ba a taɓa gaya mini ko ɗaya daga cikin kalaman nan ba. Mutumin kirki ne, bai taɓa zagina ba, bai yi mini kishiya ba. In haƙura in rabu da su ne? Ko kuwa zunubi nake ta kwasa shekara arba'in?

Malama daga Zariya

Wa alaikumus salam Malama. Allah Ya sanya alheri a sabon gida, Ya sa a shiga a sa'a.

Kada ki ƙona, kada kuma ki kai wa mai ƙosai. Amma karatun ƙarfe biyun dare, wannan kam ki yi sallama da shi tun kafin motar kaya ta zo. Maganar akwati daban, maganar dare daban, ku ne kuka cakuɗa su.

Mu fara da Alhaji, tunda shi bai rubuto ba, ba mai faɗa mana nasa ɓangaren. Ma'aikacin gwamnati a ƙasar nan, in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, rana ɗaya ake karɓe makullin ofis. Wayar da a da ba ta hutawa sai ta yini shiru. Masu zuwa gaisuwa su janye ɗaya bayan ɗaya. Ya dawo gidan da ya shekara talatin yana shigowa a matsayin baƙon ƙarshen mako, wanda ake share wa ɗaki a yi masa miya ta musamman, sai ya tarar ashe daga Litinin zuwa Alhamis gidan yana da nasa tsarin, kuma ba a bar masa gurbi a ciki ba. Ke kina fita makaranta da safe, ki dawo a gajiye, ki shiga kicin, ki zauna duba takardun ɗalibai. Abin da ya rage masa shi ne bayan isha'i. Ya juyo, ya ga hasken waya a fuskarki, kina murmushi kan maganar da ba shi ya yi ba. Bahaushe mai shekara sittin da ɗoriya ba zai buɗe baki ya ce wa matarsa kaɗaici ya ishe shi ba. Ba a koya masa ba, kuma a ganinsa zubar da girma ne. Abin da bakinsa zai iya furtawa shi ne akwati.

Ban ce ya kyauta ba. Maganar ranar suna, a gaban dangin miji, ba wasa ba ce, ko da an yi dariya. Ki gaya masa ta yi miki ciwo, sau ɗaya, ku biyu a ɗaki, sannan ki binne ta. Kuma in za a yi adalci, littattafan nan suna bin Alhaji bashi. Dare huɗu a mako, shekara da shekaru, mace da ƙuruciyarta ita kaɗai da yara a gidan haya, su suka taya ki kwana. Wata da yawon gidajen maƙwabta da kwasar magana ta cike wannan gurbin. Ke kika cike shi da karatu, ya dawo kowace Juma'a ya tarar da gidansa lafiya.

Duk da haka daren yanzu ba naki ba ne ke kaɗai. Kin san labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i, Allah Ya yarda da su, yana cikin Bukhari. Salmanu ya kai wa Abud Darda'i ziyara ya ga matar gidan ba ta kula da kanta ba, ya tambaya, ta ce ɗan'uwanka ba shi da bukatar duniya. Da dare ya yi Abud Darda'i ya tashi zai yi nafila, Salmanu ya ce kwanta. Ya sake tashi, ya ce kwanta. Sai ƙarshen dare suka tashi suka yi salla tare, ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi, iyalinka suna da haƙƙi, ka bai wa kowa nasa. Da maganar ta je gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Salmanu ya yi gaskiya. To in tsayuwar dare aka rage saboda abokin zama, ina ga labarin wani basaraken Ingila? Ga kuma asuba tana kuɓuce miki, wannan ko Alhaji bai ce uffan ba ya isa dalili.

Yanzu mu zo ga abin da kika ajiye a ƙarshen wasiƙa, don can ciwon yake.

Akwai wani marubuci ɗan Labanan da ya zauna a Alƙahira, Jurji Zaidan, wanda ya kafa mujallar Al-Hilal a 1892 ya rasu a 1914. Ya rubuta ƙagaggun labarai sama da ashirin a kan tarihin ƙasashen Musulmi, tun daga farkon Musulunci, da cin Andalus, da Abbasawa, har zuwa Mahadin Sudan. Malamai da dama sun soki yadda ya ɗauki tarihin, ba wannan ya sa na kawo shi ba. Na kawo shi ne don a wurinsa ƙirar irin waɗannan littattafai ta fi fitowa fili. Ga saurayi ga budurwa, sai yaƙi ko juyin sarauta ya raba su, mai karatu ya yi ta bin su gari gari yana haɗiye tarihi bai sani ba, sai a babin ƙarshe a haɗa su. Da na Larabawa, da na Turawa, da namu na Kano masu kashi na ɗaya zuwa na huɗu, kusan duk a kan wannan ƙira suke. Rabuwa ita ce jarin marubuci. Ɗauko ɗaya daga cikin waɗanda kika fi so ki ƙirga shafukan da masoyan suke ɗaki ɗaya, za ki sha mamakin ƙarancinsu. Kuma a kowace haɗuwa, ko gobe za a fita yaƙi, ko jirgi zai tashi da asuba, ko ɗaya yana kan gadon mutuwa. Wanda gobe za a sare shi, dole bakinsa ya yi zaƙi yau.

Sannan sai ki ci karo da layi ɗaya tal: “Bayan shekara bakwai.” Kin sha wuce shi ba ki tsaya ba. A cikin layin nan aka biya kuɗin makaranta, aka yi jinyar ƙyanda, aka yi cacar baki kan cefane, aka sayi fili aka fara aza bulo, siminti ya tashi aka tsaya, aka ci gaba bayan damina biyu. Marubuciya ta tsallake shi don ta san ba mai sayen littafi saboda shi. Aurenki da Alhaji, gaba ɗayansa, a cikin layin nan yake. In kika rufe littafi kika dubi mai minshari, kina auna mutumin da kika gani kowace rana ta shekara 31 da wanda aka tsince miki ranakunsa goma mafi kyau aka jera. Ba namijin da zai ci wannan jarrabawa. Ke ma ba za ki ci ba, da shi ne mai karatun.

Tunda kuma tarihi kike so, bari mu bi shi inda littattafan ba sa son zuwa. Yawancin labaran manyan gidajen Ingila an ɗora su ne a farkon ƙarni na 19, musamman tsakanin 1811 da 1820, lokacin da yarima ke riƙon sarauta saboda larurar mahaifinsa. A dokar ƙasar ta wancan zamani, abin da matar aure ta samu da guminta na mijinta ne. Sai a 1870 aka fara sassautawa, a 1882 aka ba ta ikon mallakar dukiyarta sosai. Wato da ke ce waccan baiwar Allah mai doguwar riga da ake rera wa kalamai a lambu, ba ma sai an yi shawara da ke kan akwatunan nan ba, nasa ne. Ke kuwa da albashinki kika saya, kuma shari'a ta ce dukiyar mace tata ce. Littafin tocilar nan ma, in na canka daidai, na Margaret Mitchell ne da ya fito a 1936. Gonakin audugar Jojiya da aka ƙawata a ciki bayi baƙar fata ke noma su, kuma an nuna su tamkar ba su da wata damuwa. Mu 'yan makarantar kwana muna cikin bargo muna ɗaukar kanmu uwargijiyar gidan, alhali da a zamanin muka zo, a cikin gona za a same mu. Shi kuma gogan mai daɗin baki, kin tuna abin da ya yi a ƙarshe? Tafiyarsa ya yi ya bar ta.

Ban faɗi wannan don in ɓata miki su ba. Ni ma ina son su, kuma na san abin da suke bai wa mutum. Wadda ta saba bin zuri'a ɗaya shafi ɗari tara ta koyi haƙurin jiran ƙarshen magana, ta koyi cewa mugun da ke babi na uku yana iya zama abin tausayi a babi na talatin. Na tabbata ɗalibanki sun ci moriyar wannan, da Turancin da ya zauna miki a baki. Abin da nake so kawai ki daina shigar da jaruminsu ɗakin kwananki ya zama alƙali.

Ita kuwa ƙishirwar kalma mai daɗi, ba littafi ne ya ƙirƙira miki ita ba, kuma ba laifi ba ce. Nana A'isha ta taɓa zama ta bai wa Annabi labarin mata goma sha ɗaya da suka yi alkawarin ba za su ɓoye komai na mazajensu ba, kowace ta siffanta nata, mai yabo da mai kuka, har aka zo kan Ummu Zar'in da mijinta. Dogon labari ne. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce mata shi a wurinta kamar Abu Zar'in yake ga Ummu Zar'in. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito. Miji ya zauna ya ji labarin matarsa, ya rufe da kalmar da za ta kwana da ita, wannan ba daga Turawa aka aro ba. Sai dai kada ki ɗauki hadisin ki kai wa Alhaji a matsayin sammaci. Tambayata a nan ita ce: ke yaushe rabon da ki gaya masa wani abu? Shekara arba'in kina tara kalamai, shi bai karanta ko ɗaya ba, amma shi kike jira ya fara. Ki fara ke. Ba da na littafi ba, zai gane ba muryarki ba ce. Ki tuno wani abu da ya taɓa yi miki wanda yake zaton kin manta, wata jinya, wani bashi da ya ci saboda ke, ki ce masa ba ki manta ba. Mai yiwuwa ya yi gyaran murya ya ƙara sautin rediyo. Washegari ki ga ya shigo da balangu a takarda ba tare da an yi baƙi ba. Ba zan ruɗe ki ba, ƙila iyakar abin da za ki samu ke nan har ƙarshen zamanku, don wasu mazan harshensu bai taɓa lanƙwasuwa ta nan ba. Wasu kuma in aka buɗe musu ƙofa sukan ba da mamaki bayan sun tsufa. Ba ki san wanne ne naki ba, tunda ba ki taɓa gwadawa ba.

Maganar zunubi, ni ba mai fatawa ba ce, ki kai wa malamar Islamiyyarku ko wani malami da kika yarda da iliminsa, ki faɗa masa ainihin abin da ke cikin littattafan, ba “soyayya” kawai ba. Amma akwai abin da ke kanki kin sani. Ba duka ne iri ɗaya ba. Akwai waɗanda iyakarsu kallo da wasiƙa da riƙe hannu, akwai kuma waɗanda aka yi ta bugawa a Amurka tun shekarun 1970, bayan masu buga littafi sun gano batsa tana jan kasuwa, sai aka lulluɓe ta da kayan sarauta. Ma'aunin mai sauƙi ne. Duk littafin da in jikarki ta girma ta buɗe tsakiyarsa za ki fizge, ba shi da wuri a sabon gida. Waɗannan ki fitar da su da hannunki, ba tare da shela ba, kuma kada ki bai wa kowa.

Amma ƙona kowa da kowa ba ya maganin komai. A 2007 an tara littattafan soyayya an cinna musu wuta a wata makarantar 'yan mata a Kano, a ƙarƙashin shirin gwamnatin jihar na gyaran tarbiyya, A Daidaita Sahu. Karatu bai tsaya ba. Cikin 'yan shekaru ya koma waya, inda kowa ke rubuta abin da ya ga dama a tura rukuni rukuni, ba mai dubawa. A gidanku ma haka za a yi. In aka ƙona akwati uku, wayar tana nan a ƙarƙashin matashi, sai dai a ƙara miki da ƙullaci, shi kuma bai samu daren da yake nema ba.

'Yarki kuwa, ki ce mata na ce tun da aka halicci Bahaushe kaka ce mai gatanan gatananku. Ina zaton ba karatun ke ba ta kunya ba, bangon ne, irin waɗanda ake zana mace kafaɗa a waje wani ƙato ya rungumo ta. Ke malama ce, kin san yadda ake naɗe littafi da takardar kaki. Bayan wannan, ki nuna mata cikin ruwan sanyi cewa tsakaninki da babanta ba wurin 'ya ba ne.

Sai akwatunan. Yaushe rabon da ki kai ƙasan na ukun? Ki zaɓi wata Asabar ki shimfiɗa tabarma ki zazzage su duka. Za ki fara jin warin kafur da na tsohuwar takarda. Za ki tarar da waɗanda gara ta yi wa hanya daga bango zuwa bango, in kin ɗaga su sai garin ƙasa ya zubo. Za ki ga na Hausa sirara da ƙarfen ɗinkinsu ya yi tsatsa ya ci tsakiyar takarda, kashi na ɗaya da na uku suna nan, na biyu wata ta ara tun kafin a haifi auta. Wasu da hatimin shagon haya a shafin farko, ba a mayar ba. Wasu za ki juya su gaba da baya ki kasa tuna ko sunan jarumar. Duk waɗannan ba su kike so ba, sabo ne kawai. Waɗanda kike so na gaskiya su ne waɗanda kika maimaita, waɗanda gefensu ya yi baƙi saboda hannu, kuma ba na jin za su wuce akwati ɗaya. Masu tsabta daga cikin sauran ki kai ɗakin karatun makarantarku ko ki raba wa ɗalibai masu son karatu, yadda waccan malamar ta yi miki. Waɗanda suka rage kuma kada su koma akwati. Sabon gini, musamman a filin da a da gona ne, gara ba ta yi masa da sauƙi, kuma akwatin da ke ƙasa yana jan danshi da damina. Ki sa kafinta ya kafa miki kanta a jikin garu, sama da ƙasa sosai, a cikin ɗakinki. Ɗakin mace nata ne. Iyayenmu kwalla da langa da tasoshi suke jerawa har kusa da rufi, ba wanda ya ce sun cika wuri, wannan shi ne naki jeren.

Sai kin gama wannan za ki tunkare shi, don ya ga kin riga kin motsa. Ba a gaban yara ba, ba kuma yana jin yunwa ba. Abin da za ki faɗa bai wuce haka ba: “Alhaji, na rage su, uku sun koma ɗaya. Waɗannan zan jera a ɗakina. Karatun dare kuma na bari, daga isha'i ina tare da kai.” Kada ki kawo maganar haƙƙinki na dukiya sai in ta kama dole. Kuma in kin faɗa ki cika, har da waya, a bar ta a caji a falo. Karatu ya koma tsakanin la'asar da magariba, da Asabar da Lahadi, da dogon hutun da Allah Ya hore wa malaman makaranta. Masu karanta littafi a YouTube ma suna nan, kina iya saurare kina girki, amma in yana kusa ki cire abin kunne, don shi ma rufe ƙofa ne.

Kin ce daga rediyo sai labarin sarakunan da. Malama, ashe abu ɗaya kuke so, ke kina nemansa a Ingila shi yana nemansa a Zazzau. Akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito bayan gasar da Hukumar Fassara ta shirya a nan Zariya a 1933. Gajere ne, dare kaɗan za ku gama: yaron da aka sace aka ƙetara Sahara da shi, da uwar da ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu bauta. Da wuya a ce mutum mai shekarunsa bai san shi ba tun yana makaranta. Ki ce idonki yana son hutu, ya karanta miki, ko ke ki karanta masa. In an gama ki ja shi da tambaya. Turawa sun shiga Zariya a 1902, Kano da Sakkwato suka faɗi a 1903, a watan Yulin shekarar aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, ɗansa Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas har suka kafa gari a bakin kogin Nilu a Sudan, zuri'arsu tana can har yau. Ina kakan Alhaji yake a lokacin? Wa ya tafi, wa ya tsaya, wace mata aka bari da goyo? Mai son labarin sarakuna da ya rasa masu sauraro, in kika yi masa irin wannan tambaya sai kin roƙe shi ya yi shiru. In kuma ya nuna ba ya so, ki ƙyale shi, ku yi hirar jikoki. Ke kuma don kanki, in ba ki taɓa cin karo da Segu na Maryse Condé ba, ki nema. Da Faransanci ya fito a 1984, an fassara shi zuwa Turanci, labarin zuri'a ɗaya ce ta Bambara a Mali ta yau, har zuwa zamanin Alhaji Umaru Futi, wanda ya yi shekaru a Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Bello, ya auri 'yarsa, ya ci Segu a 1861. Ba na karanta wa Alhaji ba ne, akwai wuraren da ke ma za ki tsallake, akwai kuma inda za ki yi musu da marubuciyar. Amma yana da kaurin da kike so, kuma mutanen ciki kamanninki gare su.

Abu ɗaya nake so ki lura da shi a makonnin farko. In kin ajiye littafi kika kwanta, barci ya zo, to magana ta ƙare. In kuwa kika ga ido biyu kike kaiwa ƙarfe biyu ko ba littafi, ga zafin jiki ga gumi cikin dare, to ƙila ba karatu ne ya hana ki barci ba, rashin barci ne ya tura ki karatu. A shekarun da al'ada ke ɗaukewa mata da yawa suna fama da haka, kuma likita yana da abin yi a kai. Haka in kika ji ƙunci ya rufe ki, ba abin da ke miki daɗi in ba ki ɓuya a cikin labari ba, wannan ma na likita ne, ba na kunya ba. In kin je ki haɗa da ido. Mai shekara 54 da ta daɗe tana karatu a duhu ta cancanci a gwada mata tabarau, a kuma auna hawan jinin ido, wato glakoma, don tana cin gani a hankali daga gefe ba tare da zafi ba, kuma ta fi kama baƙar fata da suka wuce arba'in. Ga asibitin koyarwa na Shika kusa da ke, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

In duk kin yi wannan Alhaji ya kafe cewa ko littafi ɗaya ba zai shiga gidan ba, kada ki ja da shi ranar tashi, motar kaya a ƙofa, 'yan dako da maƙwabta suna ji. Ki kai akwatin gidan 'yar'uwarki da saninsa, ba a ɓoye ba, ki ce a ɗora shi a kan bulo. Ku tare, ki cika alkawarin dare wata biyu ko uku, sannan ki sake tayar da maganar. In har lokacin bai sauko ba, ki nemi wani babba da yake jin nauyinsa, yayansa ko amininsa na tun ƙuruciya, ban da 'ya'yanku, ban da ƙannen nan da suka yi dariya ranar suna.